Dalma a Bindigar Haji Sherzaman

"Kai ka kashe mini ɗa, maƙerin banza!"

"Ni? Bindigar da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kanta?"

Haka Sufeto Rahimdad ya tarar da Haji Sherzaman da maƙeri Mirajan, ga gawar Zarwali, ɗan Haji, shimfiɗe a tsakar gida. Namiji aka haifa wa Zarwali, ya ɗauki tsohuwar bindigar babansa yana harbin murna, ta fashe masa a fuska. Ni dai maƙwabtansu ne mu, katangarmu gajera ce, ba laifina ba ne da na ga komai.

Sufeto ya kankari cikin bututun bindigar da tsinke. Dalma ta fito ɓawo-ɓawo, ta kusa toshe hanyar.

"Wa ke narka dalma ya zuba harsasan nan?"

"Ni," in ji Haji. "In shafe su da kakin zuma da kitsen wutsiyar rago, don kada dalma ta manne."

Sufeto ya murza ɗaya. Gefe guda maiƙo, gefe guda a bushe ƙamas.

"Wa ke wanke bindigar?"

"Ni! Kullum sai na ɗaga ta a rana na leƙa. In da datti, in zura mata burushin tagulla."

"Na ce ya kawo in goge," in ji Mirajan, "ya ce ni yaron jiya ne."

Sufeto ya karɓi bindigar ɗan sandansa, ya buɗe ta, ya cusa tsumma a bututun a gaban kowa.

"Baba, duba mana tamu. Tana son wanki?"

Haji ya ɗaga, ya kanne ido.

"Tas take. Har sama nake gani."

Tsumman kuwa yana nan cunkushe a ciki.

Sufeto ya ɗora masa yatsa a kan tsumman. Tsohon ya zube ƙasa.

"Tun bara hazo nake gani, Yallaɓai. In aka ji, wa zai ƙara saurarona a taron dattawa? Zarwali ya ce, 'Baba, dukan da bindigar nan ke yi wa kafaɗa ya yi yawa, bari in duba.' Na ce, 'Ni za ka koya wa?'"

Ba a sa masa ankwa ba. Hannunsa Sufeto ya riƙe, kada ya yi karo da bango.

A bakin zaure Haji ya tsaya, ya kira matar mamacin.

"Palwasha, 'yata, kawo jaririn in gan shi."

"Da wane ido, Baba?"

Ta rungumi ɗanta, ta fice ta ƙofar baya, ta banko ta garam.