Maɗori da Zanen Kakansa

Can a zamanin da, a wani gari na bakin tafki, an yi wani maɗori da ya gaji zanen ƙasusuwan mutum a kan fata. Kakansa ne ya zana, a jikin akuya ya koya.

Ran nan wata masaƙiya ta zo da karaya. Zanen ya ce ƙashi ɗaya ne a sangalin hannu, kamar na akuya. Maɗori ya lalluba, ya ji biyu. Ya sake lallubawa, ya ji biyu.

Matar ta ce, "Baba, da hannun nan nake ci."

Ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya naɗe shi, ya ɗora ƙashi biyu. Hannu ya warke.

Ya ɗauko tawada ya gyara zanen, ya ce, "Kaka, yafe mini." Sannan ya bar wa jikokinsa fili a gefen zanen, don su ma su gyara.