Jitar Kieran a Busasshen Kwami

Wata Talata ce a Oktoban 1994, wajen ƙarfe biyar na yamma, muka loda kaya a mota muka nufi tsohon gidan ninkaya na unguwarmu a Stockport. Ni da ƙanina Kieran. Shi ke kaɗa jita, ni ke riƙe da injin ganga da rikoda. Kiɗa ɗaya ya rage mu gama faifanmu, irin wanda injin ke dukan ƙirji, jita na ihu a kansa. Sati uku muna fama da shi a ɗaki, ya ƙi tashi. Sai muka ari makulli wurin mai gadi, don shekara tara rabon kwamin ninkayar da ruwa, kuma amsa-kuwwar cikinsa ba ta da na biyu.

Wurin na warin ƙura da kashin tattabara. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta gilashin rufi. Kieran ya sauka ta tsani zuwa ɓangaren zurfi, ya ajiye lasifikarsa a kan tayil. Ni na zauna a bakin kwamin, na sa abin ji a kunne, na kunna gangar.

Dum. Dum. Dum. Dum.

Ya yi kusan rabin awa yana kaɗa shirme.

"Haba malam," na ce masa. "Wannan ko a bikin 'yan makaranta sai an jefe ka."

"To zo ki karɓa mana, Yaya Lorraine, sarauniyar danna maɓalli."

Na saka sabon kaset ɗan gajere, na danna ɗauka. A sana'armu akwai abin da ake koya maka tun ranar farko: in kiɗa ya hau, ba a tsayar da kaset. Ko rufi zai faɗo, ka bari ya faɗo cikin kaset.

Kieran ya bugi tsirkiya ɗaya ya saki. Sautin ya zagaya bango ya dawo. Na jira ya mutu. Bai mutu ba. Sai ya hau sama, ya sauko, ya lanƙwasa ta hanyar da ƙanina bai taɓa yi ba.

Na dube shi. Hannunsa na dama yana rataye a gefe.

Sai yatsunsa suka tashi suka bi sautin. Bango ne ke fara kaɗawa, shi yana biye a baya.

Warin ƙura ya ɗauke. Warin maganin da ake zubawa a ruwan ninkaya ya bugi hancina, sabo, mai yaji, har idona ya kawo ƙwalla. A kunnena, ƙarƙashin gangar, ruwa na dukan tayil. Caɓ. Caɓ.

Na leƙa. Kwamin a bushe yake ƙayau. Amma wandon Kieran ya yi baƙi da jiƙa har gwiwa, kuma baƙin yana hawa.

"Yaya," ya ce a hankali. Ta makirufo na ji shi. "Kashe."

Yatsana yana kan maɓallin. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin kiɗa irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Na ɗaga masa yatsa ɗaya. Minti ɗaya.

Jiƙar ta kai ƙirjinsa.

"Akwai wani a bayana," ya ce. "Ya riƙe min hannu. Lorraine, don Allah."

Ban ga kowa ba. Abin da na gani shi ne fatar wuyan hannunsa ta loɓa a wuri huɗu, yadda take yi in an damƙe ta.

Na kalli allurar rikoda mai nuna ƙarfin sauti. Tana rawa daidai.

Gashinsa ya tashi yana lilo a iska, a hankali.

Ya buɗe baki. Kumfa ta fito ta yi sama.

Ƙas. Kaset ya ƙare.

A nan ne na motsa. Na fizge wayar wuta, gangar ta mutu, na dira cikin kwamin. Sanyi ya sare ni har wuya, ƙafafuna suka yi nauyi. Na cafki kwalarsa na ja. Wani abu ya ja ta can. Na sa ƙafa a tsani na ja da duk ƙarfina, madaurin jitar ya tsinke, ta faɗi, sai aka sake shi.

A bakin ƙofa ya yi ta aman ruwa. Na ɗauke shi muka fita. Jitar muka bari a can. Kaset ɗin kuwa, sai a mota na ga yana aljihuna, kuma ban tuna lokacin da na ciro shi ba.

Faifan ya fita da bazara. Kiɗan nan shi ne na ƙarshe a ciki, shi ne kuma wanda dubban mutane ke ɗaga hannu suna tsalle a kai har yau. Sunan Kieran aka rubuta. Shi kuwa tun ranar hannayensa ba sa jin komai daga wuyan hannu zuwa yatsu. Likitoci sun duba sun gaji. Shayi ya sha ƙona shi bai sani ba.

Ni ma haka nake, sai dai nawa a ciki ne. Na nemi kuka ban samu ba. In na ji kiɗan a shago, sai in ci gaba da sayayyata.

Shekara ashirin da shida bai tayar da maganar ba. Bara, ina ɓalla masa maɓallan riga za mu jana'izar mamarmu, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yaya, da kaset ɗin mai tsawo ne, yaushe za ki kashe?"

Na ɓalla na ƙarshen, na gyara masa kwala. Ya jira. Na juya na ɗauki makullin mota.