Abin da Na'ura Ta Nuna a Goshin Madina

Da Malam Lukuman ya san rashin barcin da lallen nan zai jawo masa, da ya hana a ƙunsa shi.

Ana gobe za a kwantar da 'yarsa Madina a asibiti don a gyara mata wata ƙofa da ta lalace a zuciyarta, Gwaggo Kubra ta zo gidansu a Dutse Uku da kwanon lalle. Ta ce 'yar ɗan'uwanta ba za ta shiga ɗakin tiyata kamar marainiya ba. Ta cika mata hannu da ƙafa, farce ya rine har ya koma baƙi.

A asibiti wani saurayi mai koriyar riga ya zo bakin gadonta. Ashraf sunansa, aikinsa shi ne lura da yadda jini ke kaiwa sassan jiki yayin da ake wa mutum aikin zuciya. Ya nemi izini, ya kama yatsanta, ya matsa farcen, ya saki. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi miki wannan ado, Hajiya?"

"Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau. Ni ya ɓata wa aiki. So nake in ga yadda jini ke dawowa farce in na matsa, ga shi an rufe min."

Madina ta yi dariya. Mahaifinta bai yi ba.

"Samari, duk wannan riƙe hannun cikin aikin yake?"

"Ciki yake, Baba. Gobe ma zan manna mata wasu abubuwa biyu a goshi, su za su nuna mana ko jini na isa ƙwaƙwalwa."

Aka yi aiki, Madina ta tashi lafiya, ta koma kan keken ɗinkinta. Bayan wasu watanni saƙo ya shigo wayarta:

"Salama, Mai Lalle. Ashraf ne. Gwaggo ce ta ba ni lambarki, kada Baba ya ce a fayil na sata. Na jira sai da aka sallame ki daga hannunmu. Zan iya zuwa gaisuwa?"

Ta amsa: "Ka zo, Malam Na'ura. Amma ka bar hannunka a aljihu."

Ya zo, ya sake zuwa. Malam Lukuman yana kallo ta taga. Ya lura duk sanda ta yi tari yaron sai ya tsaya yana duban launin leɓenta.

Sai Abdulfatah ya dawo. Shi ne ya fara neman Madina, ya ɗauke ƙafa da ya ji maganar tiyata. Ya tari Malam Lukuman a ƙofar masallaci.

"Baba, ni dai shawara ce. Ma'aikatan nan sun san abin da ba sa faɗa. Mai lafiya irinsa, me zai sa ya nace wa wadda aka buɗe wa ƙirji? Wani abu ya gani a na'urarsa, tausayi ke kawo shi."

Maganar ta zauna wa Malam Lukuman, don kwanan nan Madina takan ajiye almakashi ta manta inda ta sa. Ya hana zance. Ita ma zargin ya kama ta, ta rubuta wa Ashraf:

"Ka faɗa min gaskiya. Me ka gani a kaina ranar? In sadaka kake min da kanka, ba na so."

Ashraf bai ba da amsa a waya ba. Washegari da la'asar ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban mahaifinta. Madina tana bayan labule.

"Na gani, Baba. Ana tsakiyar aiki lambar da na'urar goshinta ke nunawa ta sauka. Na faɗa wa likita, aka ƙara ƙarfin jinin, ta hau. Likita ya yi maka bayani a ranar, kana ta hamdala, ina jin bai shiga ba."

"Mantuwar da take yi fa?"

"Ban sani ba. Yana iya zama daga nan, yana iya zama gajiya. Ba zan yi maka ƙarya don in samu mata ba."

"To me ya kawo ka?"

Ashraf ya sunkuyar da kai. "Kowa ɗakin tiyatar nan da tsoro yake shiga. Ita ana tura ta a gado tana ce wa nas wuyan rigarki ya karkace, ki kawo in gyara miki in na farka. Tun ranar nake son in ji me za ta sake cewa."

Daga bayan labule Madina ta ce, "Har yau ba ta kawo ba."

Malam Lukuman bai sakankance ba. Ya sa hula ya koma asibiti shi kaɗai, ya sa likita ya maimaita masa komai a hankali. Magana ta zo ɗaya da ta Ashraf. Daga can ya wuce Bukuru wajen yayansa, ya ce a gaya wa mutanen yaron su turo.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Da za a tafi da amarya, uban ya riƙe ango a zaure.

"In ka ga wani abu, ni za ka fara faɗa wa."

"Ita zan fara faɗa wa, Baba. Sannan kai."

Malam Lukuman ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Har yanzu likitoci ba su ce ga tsawon lokacin da gyaran zai riƙe ba, ba su kuma tabbatar ko zuciyar Madina za ta iya ɗaukar ciki ba.