Gorar da Ta Tafi Jana'iza

Sufeto Adubofour bai kai loma ta uku ta sakwara baki ba, sai ga Maame Pokuaa mai sayar da atamfa ta faɗo caji ofis na Konongo, tana jan wani tsoho da wuyan riga.

"An yi kisa, Sufeto!"

"Wa aka kashe?"

"Bunsuruna! Rufin kankaren sabon shagona ya rufto masa da safen nan. Ga mugun nan, Papa Donkor magini. Ya sace min siminti, ya cika min gini da jar ƙasa!"

Sufeto ya tura kwanon gefe da takaici. Ya san Papa Donkor. Shekara talatin yana gini a garin, ko katangar bayan gida ba ta taɓa faɗuwa a hannunsa ba. In maganar ta tabbata, gidan yari ne, kuma ko akurkin kaji babu mai sake ba shi ya gina.

Da suka isa wurin, Sufeto ya ɗauki ɓallen kankare ya murza. Ja-ja ne kuwa, yana marmashewa.

"Papa, mene ne wannan?"

"Simintin haɗi ne, ranka ya daɗe, mai gasasshen yumɓu a ciki. Ita ta saya saboda araha. Na gaya mata ba ya son gaggawa. Kwana ashirin da takwas yake so, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, sannan ya yi ƙarfin da har jikokinta za su mutu su bar shi. Ga ranar zubi, da ƙusa na rubuta."

Sufeto ya ƙirga da yatsu. Kwana tara ke nan.

"Ƙarya yake!" in ji wani dattijo mai tumbi, ya yafa baƙin zane a kafaɗa. Kawu Boakye ne, wan mahaifiyar Maame, shugaban danginsu, mutumin da bai taɓa riƙe cebur ba amma ya san komai. "Ku ɗaure shi! Ni dai tun da aka zuba ban tako nan ba, hidimar jana'izar yayana ta gobe Asabar ta sha min kai."

Babu wanda ya tambaye shi ko ya tako. Sufeto ya rubuta wannan.

Ya sa aka ɗaga ɓaraguzan. An fito da marigayi bunsuru, Maame ta ɗora hannu a ka. Amma abin da Sufeto ke nema bai gani ba. A ƙasa akwai shatar gindin sanduna, zagaye-zagaye, layi-layi, har arba'in.

"Papa, da me ka tokare rufin?"

"Da gora arba'in. Jiya da yamma da na ba shi ruwa duk suna tsaye."

"To gora ba ta da ƙafa," in ji Sufeto. "Kawu, mu je in yi maka gaisuwar rashi."

Maame da Papa Donkor suka bi bayansu. Filin jana'izar ya yi kyau, babu ƙarya. Rumfuna bakwai an lulluɓe da jan yadi da baƙi, ana ta jera kujeru.

"Bakwai!" in ji Sufeto. "Lallai an girmama mamaci."

Kawu ya buɗe ƙirji. "Dangin Asamoah rumfa shida suka kafa wa tsohuwarsu bara, suna ta cika mana baki. Ni za a raina? Masu ba da haya rumfa biyar kawai suka kawo, na cike biyu da kaina."

"Ina ka samo gora?"

"Bakin rafi. Jiya aka saro."

Sufeto ya hau kujera, ya kai hannu kan wata gora ta rumfa ta bakwai. Busasshiya ce ƙayau. Ya ɓanɓaro wani abu daga bakinta, ya sauko ya buɗe tafinsa a gaban Kawu.

"Rafin naku jan siminti yake tsirowa?"

Kawu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, zanensa ya zame daga kafaɗa.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Da asuba na sa aka zare, Litinin zan mayar. Sai da na ƙwanƙwasa rufin da dutse, na ji ya yi ƙara! A zamaninmu kwana bakwai siminti ya gama. Wa ya san na yanzu malalaci ne?"

"Kawu!" Maame ta yi ihu. "Shagona! Bunsuruna! Kana tsaye ina jan bawan Allah a titi!"

Ta juya ta durƙusa wa Papa Donkor. Tsohon ya gyara wuyan rigarsa da ta yage, idonsa ya kawo ruwa.

Da ankwa ta shiga hannu, Kawu ya marairaice. "Sufeto, ɗana, kwana nawa zan yi a ciki?"

"Alƙali ne zai faɗa. Amma ga gwani nan. Papa, me ka gani?"

Papa Donkor ya ƙare wa tumbin Kawu kallo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Bai kama ba tukuna. Ashirin da takwas, ranka ya daɗe. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma."