Baƙuwar Gidan Mai Gilashi

Magariba ta kawo jiki, Mai Gilashi yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana goge abin yankan gilashinsa da tsumma, aka fara gwada lasifikoki a filin da ke bayan layinsu. Da farko wani ne ya yi ta hura makirufo, sannan ganga ta faɗo, irin wadda ƙirji take fara duka kafin kunne. Gilasan tagogi da ya jingina a ɗakin ajiya suka ɗauki ɓari a hankali. Ya tashi ya cusa kwali a tsakaninsu, ya dawo ya zauna. An ce kwana goma za a yi ana wannan bikin kiɗe-kiɗe, daga faɗuwar rana har asuba, kuma waɗanda suka ba da izinin ba a unguwar suke kwana ba.

Su biyu ne a gidan, shi da 'yarsa Auta, wadda ke aiki a gidan burodi, take fita tun gari bai waye ba. Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Shekara uku ke nan da rasuwar uwarta, kuma tun ranar magana ta ƙaura daga gidan. Ba faɗa suka yi ba. Da ma marigayiyar ce bakin gidan, ita ke ɗaukar zancen uba ta kai wa 'ya, ta ɗauko na 'ya ta kawo wa uba, har ta ƙara gishiri a hanya. Da ta tafi sai aka bar su da "ina kwana" da "sannu da zuwa" da "ga abinci nan". Yana son 'yarsa har cikin ransa, amma irin mutanen nan ne da za su yanka gilashi mai kaurin yatsa hannu bai yi rawa ba, a ce su tambayi 'yarsu yadda ta wuni kuwa sai gumi ya karyo musu.

Dare biyu na farko babu wanda ya runtsa a layin. Jaririn maƙwabta ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Tsohon da gidansa ke kan kwanar layin, mai hawan jini, sai da aka ɗauke shi aka kai shi wurin 'yarsa a wata unguwa. Mazan layi suka rubuta takardar koke suka kai ofis, aka karɓa da fara'a aka sa a aljihun tebur. Auta takan fito da asuba idanunta jawur, ta gaishe shi ta wuce, shi kuma ya amsa ya bi bayanta da kallo.

A dare na uku aka fara jifa. Dutse ya sauka a kan kwanon rufi, ya gangaro, wani ya biyo baya. Mai Gilashi ya ɗauka 'yan biki ne da suka yi tatul, ya ɗauki tocila ya fita yana shirya zagin da zai yi. Layin babu kowa, ko kyanwa, sai hasken filin da ke lasar sama yana canza launi. Da ya dawo ya tarar da duwatsu bakwai a tsakiyar ɗakin ajiya, wanda shi da kansa ya kulle, an jera su kamar da hannu, ba su fasa ko gilashi ɗaya ba. Ya taɓa guda, ya ji shi a jiƙe, da sanyi, yana warin ƙasan rijiya. Ya yi addu'ar da ta zo bakinsa ya koma ɗaki, ya kwana zaune da fitila a kunne.

Dare na huɗu ba a yi jifa ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Can tsakar dare, ƙarƙashin dukan gangar, ya ji ana jan kujera a tsakar gida, 'yar kujerar katako da marigayiya ke zama a kai. Ya leƙo. Auta ce zaune a bakin ƙofarsa, ba ɗankwali, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu yadda tsofaffi ke yi. Idonta a buɗe, amma ba ita ke kallo da shi ba.

"Mai gida, ka yi mini aron inuwa," in ji ta. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, mai ja.

Da ƙyar ya ce, "Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarku. A tsohuwar rijiyar filin can nake, tun kafin a aza tubalin farko a layin nan. Nawa duk sun tashi, ni kaɗai na rage. Yanzu sun kafa dandamali a kaina, ƙashina har ciwo yake. Na bi gida-gida, ko'ina hayaniya, sai naka. Na ɗauka ma kango ne."

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Mai Gilashi ya ji tausayi yana ratsa tsoronsa, bai so hakan ba. Yana laluben abin da zai karanta, tsohuwar ta miƙo yatsan Auta ta nuna dogon tabon da ke damtsensa, ta ce wannan fa, a ina ya samo shi.

Shekara uku babu wanda ya tambaye shi wani abu in ba farashin gilashi ba. Ya buɗe baki don ya kore ta, sai ya ji kansa yana ba da labarin ranar da tagar wani bene ta kuɓuce masa yana saurayi, da yadda maigidansa ya fara duba gilashin kafin ya duba hannun. Tsohuwar ta yi dariya, ta ce sai kuma me. Ya ci gaba. Ya faɗi yadda ya haɗu da matarsa, da yadda ta yi jinya, da yadda har yanzu yakan rufe shago da rana ya zauna a duhu. Bai farga ba sai da kiɗa ya tsaya, Auta ta miƙe kamar mai tafiya cikin barci ta koma ɗakinta.

Da safe ya ce wa kansa yau zai je wurin Malam, mutumin da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya je shago, ya yanka gilashi, ya dawo. Washegari ma haka. Dalilai kuwa ba su yi masa ƙaranci ba, don mai neman uzuri ba ya rasawa: ai ba ta cutar da kowa, ai biki na ƙarewa za ta koma, ai bai kamata a tona wa yarinya asiri a unguwa ba. Gaskiyar ita ce ya fara ɗokin faɗuwar rana. Shi da ya fi kowa tsine wa masu ganga, ya koma yana kasa kunne ya ji an fara, har da kansa yake goge kujerar ya ajiye a bakin ƙofa.

Auta kuwa tana ta zubewa. Abinci ya daina shiga, wuyanta ya fito, ta riƙa tafiya tana dafa bango. A gidan burodi ta faɗi kusa da tanda, aka maido ta gida aka ce ta huta. Yana gani. Yakan tsaya a ƙofar ɗakinta da rana ya ji numfashinta sama-sama, kunya ta kama shi kamar ya nutse, ya rantse yau ne ƙarshe. Dare na yi ya sake zama.

Ranar kwana na tara ƙanwarsa ta zo, wadda Auta ke kira Gwaggo, mace mai baki da saurin hannu. Ta shiga ɗakin yarinyar, ba ta daɗe ba ta fito gyale a hannu.

"Yaya, ido ne a fuskarka ko shi ma gilashi ka sa? Yarinya ta koma kamar tsinke kana zaune?"

"Rashin barci ne, kin ga kiɗan nan..."

"Rashin barci ne ya sa ta kira ni da sunan da kakarmu kaɗai ke kirana da shi?" Ba ta jira amsa ba ta fice. Bayan sallar isha'i ta dawo da Malam.

Malam dattijo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ya shigo da 'yar jaka da gorar ruwa. Ya sa aka zaunar da Auta a kan tabarma, Gwaggo ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu. A waje ganga na dukan bango, mutane dubu suna amsa waƙa, amma muryarsa ta riƙa ratsawa kamar zare cikin allura. Fitila ta yi ƙasa. Gilasan ɗakin ajiya suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Jikin Auta ya sandare, kanta ya faɗa baya, sannan ya dawo a hankali da wata fuskar.

"Ya isa, malam, kana ƙona ni."

"Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Ƙara ta koro ni. Ka bar ni dare biyu, su kwashe kayansu in koma."

"Dare biyu ba za ki bar komai a jikinta ba. Ko rabin dare ban ba ki ba."

Tsohuwar ta juya idon Auta kan Mai Gilashi, wanda ke rakuɓe a jikin ƙofa. "To ka tambayi mai gida. Tun dare na shida na ce yarinyar ba za ta ɗauke ni ba, zan nemi wani wuri. Shi ya ce in ƙara kwana."

Gwaggo ta saki salati a hankali. Malam bai ɗaga murya ba, ya dai juyo ya dube shi, ya ce, "Haka aka yi?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai Gilashi ya sunkuyar da kai ya ce haka ne.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Malam. "Wanda ya shigo da ƙarfi, da izinin Allah ina fitar da shi. Amma baƙon da mai gida ya shimfiɗa wa tabarma, mai gida ke sallamarsa."

Nan tsohuwar ta sassauta murya ta shiga ciniki. Ta ce za ta saki yarinyar yanzun nan, ta rantse ba za ta ƙara taɓa ta ba, a bar ta kawai ta zauna a ɗakin ajiya, bayan gilasai. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta tare wuri. In dare ya yi ya zo bakin ƙofa su yi hira kamar yadda suka saba, har ƙarshen ransa. "Ni ba ni da kowa, kai ma ba ka da kowa," in ji ta. "Wa aka cuta?"

Zuciyarsa ta yi tsalle, kuma ya ji kunyar tsallen. Ya hango darare masu zuwa, bayan an kwashe lasifikoki, gidan ya koma yadda yake, shi da kwano da bango. Sannan ya dubi hannun Auta da ke kwance a kan tabarma, ya ga yadda awarwaron uwarta ya zame har gwiwar hannu. Bakin 'yarsa ne aka ara aka ce masa ba shi da kowa.

"Ki tafi," ya ce. Sannan ya sake faɗa. "Na gode da zama, amma ki tafi. Ba a ɗakin ajiya ba, ba a ko'ina cikin gidan nan ba."

Malam ya gaya wa tsohuwar akwai tsohon ramin fasa dutse a bayan gari, inda ruwa ya taru, babu mai zuwa. Ya sa ta yi alkawari sau uku, ta yi. Kafin ta fita ta ce, "Can ma shiru ne, mai gida. Na san shi." Auta ta yi atishawa uku ta sulale jikin Gwaggo. A ɗakin ajiya gilashi ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa, sauran suka yi tsit.

Malam ya shafa wa Auta ruwa, ya bar abin da za a riƙa karantawa, ya tafi. Gwaggo ta ɗura mata ruwan zafi da sukari, ta kwanta a ɗaya ɗakin ko kallon yayanta ba ta yi ba. Mai Gilashi ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar Auta. A fili ana ta casu, babu wanda ya san an yi wani abu. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba, ga 'yarsa taku uku daga inda yake, ya rasa fuskar da zai dube ta da ita.

"Baba."

Muryarta ce, tata ta gaske, siririya. Ya matsa kusa don ganga ba ta bari a ji.

"Duk ina ji," ta ce. "Tun daren farko. Ina can ciki kamar a bayan taga, ina jin komai."

"Ki yafe mini, Auta. Na ga kina ƙarewa, na..."

"Ba kai kaɗai ba ne. Akwai daren da ta yi sako-sako, da na yunƙura da na ture ta." Hawaye na gangara mata cikin kunne. "Sai na ji kana dariya. Na ce in ta tafi za ka sake yin shiru."

Mai Gilashi ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, bai san ta inda ake farawa ba. Auta ta jawo filo ta gyara kwanciya ta fuskance shi, ta jira.