Furanni a Kan Injin Men Lodri

Men Lodri ko gaisuwa ba ta yi ba, ta faɗo ofishin Sufeto Darmayasa ta tsaya masa a ka.

"An sace min inji, Yallaɓai. Kuma wai ni na sayar."

Bayan ambaliya ta share kasuwarmu ta gabashin tsibirin Bali, gwamnati ta sake gina rumfuna, ta raba wa masu sana'a kayan aiki. Ita injin kankare kwakwa aka ba ta. Sharaɗin ɗaya ne, duk wanda ya sayar da kayan tallafi za a ƙwace rumfarsa. Mijinta ya rasu, rumfar nan ce cinta da shanta, ga kwamitin 'yan kasuwa ya ce ranar Litinin ta kwashe komatsanta.

Sufeto ya bi ta rumfar. Ya juya kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Ta ce makulli biyu ne, ɗaya a ɗaure a habar zaninta, ɗaya a wurin kwamiti.

Shugaban kwamitin, Dewa Suteja, ɗan babban gida ne, irin mutanen da ake rage murya in za a yi musu magana. Ya ce makullin ya ɓata tuntuni. Ya kaɗa kai, wai tausayin baiwar Allah yake ji, talauci babu abin da ba ya sa mutum.

Sufeto ya ce, "Ɗakin ajiyar da ke bayan gidanka fa, inda aka tara kayan kafin rabo?"

"Wayam yake, Sufeto. Sai ɓeraye."

Men Lodri ta matso har gabansa. "Ranka ya daɗe, ruwa ya zo min har wuya ban bar kasuwar nan ba. Kai ne za ka fitar da ni?"

'Yan kasuwa suka zuba mata ido. Ita kuwa ko a jikinta.

Maƙwabcin rumfarta, Pan Kobar, ya rantse cewa a haikali ya wuni yana ibada ranar da injin ya ɓata. Sufeto ya kama hannunsa ya duba wani sabon yanka a babban yatsa.

"A haikalin aka yanke ka? Wannan yankan wuƙar da ake ɗaura wa zakaran faɗa a ƙafa ne."

Pan Kobar ya sosa ƙeya. To, gaskiya wurin cacar zakaru ya je. Da yake dawowa ya ga motar kwamiti a bakin rumfar, an lulluɓe wani abu a baya. Amma ya roƙi arziki kada a sa shi shaida, shi ma rumfa gare shi.

Abin ya ɓata wa Sufeto rai. Da maganar ɗan cacar da ya ƙi tsayawa shaida, babu alƙalin da zai ba shi takardar bincika gidan Dewa Suteja.

Asabar ta kama ranar Tumpek Landep, ranar da ake girmama duk wani ƙarfen da ke ciyar da mutum. Babura, wuƙaƙe, kekunan ɗinki, kowanne an wanke shi an ɗora masa faifan ganyen kwakwa da furanni da turare. Matar Sufeto har motar ofis sai da ta sa wa. Yana kallonta wani tunani ya faɗo masa, sai ya miƙe ya kira Men Lodri da kurtu ɗaya.

Sun tarar da Dewa Suteja a tsakar gida cikin fararen kaya. Sufeto ya gaishe shi da ladabi, ya ɗan karkata kai. Siririn hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya.

"Ranka ya daɗe, ɓerayen naka ne ke ƙona turare?"

Sufeto ya nuna masa ƙofar ɗakin.

"Buɗe, kada gobara ta tashi."

Ga injin nan a tsakiyar ɗaki, an goge shi tas, furanni a kansa, turare bai ko ci rabi ba.

Dewa Suteja ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce ɗansa yake so wa rumfar, tana bakin hanya. Da makullin kwamiti ya buɗe. Ya yi niyyar ɓoye injin har ƙura ta lafa.

"To me ya kai ka ƙona turare?" in ji Sufeto.

"Ƙarfe mai haƙora yana gidana a rana irin ta yau, in bar shi haka? Ya ci yatsun ɗana?"

Kurtu ya sa masa ankwa. Sufeto ya ce injin zai tafi caji ofis a matsayin shaida.

"Zai tafi, amma ba yanzu ba," in ji Men Lodri.

Ta kwashe furannin Dewa Suteja ta ajiye masa a cinya. Ta zaro nata faifan daga jaka, wanda ta saƙa tun safe ba ta san inda injin yake ba, ta ɗora, ta kunna turarenta.

Dewa Suteja ya fara cewa, "Men Lodri, mu yi magana, ai mu 'yan gari ɗaya ne..."

Ta fizgi igiyar injin. Ya tashi da ƙara. Har aka fita da Dewa Suteja ƙofar gida bakinsa na motsi, babu wanda ya ji ƙarshen maganar.