Kujerar Inna Malsuk

“Maimaita in ji, Yaya Sihwan. Wataƙila kunnena ne.”

Sihwan ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin shayin da tuni ya huce.

“Abba ya amince a yi auren, Dasom... ya amince fa! Sharaɗi ɗaya tak ya kafa.”

“Wannan na ji. Sharaɗin nake so ka maimaita.”

“Ya ce Inna Malsuk ta zo, ta ci abinci, ta zauna cikin jama'a kamar kowa. Amma kujerar iyaye...”

“Ba za ta hau ba.”

“Dasom, masoyiyata, ki saurare ni...”

“Kai kuma ka ce masa to!”

“Ban ce to ba! Ban ce a'a ba. Wata uku ina durƙusa a gabansa kafin in samu wannan ɗin ma.”

Ta miƙe ta fizgi jakarta, idanunta sun kaɗa sun yi jajir.

“Matar da ta goya ni ta kai ni asibiti da ƙafa, ita za a ajiye a bayan zaure kamar baƙuwa? Haba, Yaya! Haba!”

Duk zauren biki a birnin Daegu na Koriya ta Kudu kujeru huɗu ne a gaba, biyu na iyayen ango, biyu na iyayen amarya. Masu zama a kansu su ke sa farar safar hannu, kuma gabansu ango da amarya ke zuwa su rusuna. Dasom tana 'yar shekara uku mahaifinta ya rasu. Tana da biyar Inna Malsuk ta shigo gidansu da akwati ɗaya da katakon murza taliya, ba ta ƙara fita ba. Mutanen kasuwa suna cewa ita da Umma, mahaifiyar Dasom, ƙawaye ne, wasu su ce 'yan uwa. Dasom kuwa tun tana shekara goma sha biyu ta san ko su waye, kuma bai taɓa hana ta barci ba.

Shi kuma Dattijo Pyo, mahaifin Sihwan, shekara talatin yana dattijon coci. Mutum ne da ba ya ƙarya, ba ya cin naman wani, kowace Asabar yana asibiti yana yi wa marasa lafiya addu'a. Kuma kowace shekara, ranar da masu tutar bakan gizo, masu goyon bayan auren jinsi ɗaya, suka fito titi, yana tsallaken hanya riƙe da allonsa tun safe. Aure na namiji da mace ne, yaro kuma uba da uwa yake buƙata. Haka ya karanta, haka ya yi imani, ba da wasa ba.

Ranar da iyalan biyu suka zauna cin abincin gabatarwa, ya ga Inna Malsuk tana cire wa Umma ƙayar kifi, sai ya tambaya cikin ladabi, “Wannan baiwar Allah 'yar uwarki ce?”

Umma, da bakinta da ya ɗan karkace tun ciwon shanyewar ɓarin jiki, ta ce, “A'a. Abokiyar zamana ce. Shekara ashirin da uku.”

Dattijo ya ajiye tsinken cin abincinsa. Bai ƙara kai loma ba har aka tashi.

Daga wajen Sihwan, kai tsaye Dasom ta wuce shagon taliyarsu na cikin kasuwa. Ta tarar da Inna Malsuk tana murza ƙulli, gari har gwiwar hannu, Umma kuma na zaune tana gyaran albasa da hannunta mai lafiya. Tana gama ba su labari ta fashe da kuka.

“Na fasa! Wallahi na fasa auren!”

Inna ta ɗaga katakon murzawa. “Ke, rufe min baki kafin in murza ki ke ma. Kin fasa me?”

“Inna, kujerarki ce!”

“Kujera! Ni da bayan nan nawa, in zauna a miƙe minti talatin ina yi wa mutane murmushin dole? A baya ma na fi kusa da ɗakin cin abinci.”

“Ki daina wasa...”

“To na daina.” Ta goge hannu a jikin rigar aikinta. “Yaron nan yana sonki?”

“Yana sona.”

“Ke fa?”

Dasom ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

“Shi ke nan. Ni ban raine ki don in hau kujera ba. Ki je ki ce wa Dattijo na yi masa alkawari da bakina: ba zan taka gaban zauren nan ba.”

Ta juya ta ci gaba da murza ƙullin da ya riga ya yi laushi tun ɗazu. Dasom ta ga yadda kafaɗunta ke rawa.

Sai Umma ta ce a hankali, “To wa zai riƙe ni?”

Ai kuwa nan gizo ke saƙar. Ba a fara biki sai uwar ango da uwar amarya sun shigo riƙe da hannun juna, sun hau dandamali sun kunna kyandir biyu, shuɗi na ango, ja na amarya. Umma kuwa shekara huɗu ke nan ba ta yi taku goma ba tare da Inna a gefenta ba. Inna ce ta koya mata tafiya daga farko, tsakanin teburan shagon nan, tana ƙirga mata taku tana zaginta da ragguwa.

“Maman Sihwan za ta riƙe ki,” in ji Inna. “Sauran kuma za mu yi gwaji har ki iya da ido rufe.”

Gwaji kam an yi shi. Inna ta je zauren ta auno hanyar da ƙafarta, taku ashirin da shida da matakala biyu. Kullum bayan cinikin rana sai ta ture tebura, ta kafa kyandir a kan tukunyar romo, ta miƙa wa Umma doguwar sandar kunna wuta. Sati shida suna yi, kyandir bai taɓa ƙin kamawa ba ko sau ɗaya.

Ranar bikin, Dasom da Sihwan suna tsaye a bakin ƙofar zaure suna jiran a kira su, don tare za su shiga. Zauren ya cika maƙil, rabinsa 'yan cocin Dattijo ne. A layin ƙarshe, dab da ƙofa, Inna Malsuk na zaune cikin riga mai ruwan toka, jaka a kan cinya. Ta waiwayo ta kalli amarya, ta murguɗa mata baki.

“Kar ki yi kuka ki ɓata hodar mutane,” ta raɗa mata.

Sihwan ya matse hannun Dasom. “Ki yafe min...”

“Yi shiru, Yaya. Ga su nan.”

Iyaye mata suka taho, Maman Sihwan cikin hanbok, rigar gargajiyar Koriya, shuɗi, Umma cikin mai ruwan hoda. Dasom tana ƙirgawa a zuci. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar, ashirin da shida. Matakala ta farko. Ta biyu. Ta sauke numfashi.

Sai Maman Sihwan ta saki hannun Umma, kamar yadda ake yi, ta nufi nata kyandir ɗin a ɗaya ɓangaren.

Nan take shuɗi ya kama. Umma kuwa ta ɗaga sandar, sandar ta hau rawa. Ta kai ta bakin lagwani, ta kauce. Ta sake kaiwa, wutar ta mutu. Ma'aikaciyar zauren ta sake kunna mata, ta sake mutuwa. Aka fara ƙus-ƙus, wata tsohuwa har da cewa kyandir ɗin amarya ya ƙi kamawa, wannan ba alama mai kyau ba ce.

“Wayyo ni...” Inna ta faɗa, hannunta a baki. “Gwiwar hannun! Ni ke tallafe mata gwiwar hannun!”

Ashe duk sati shidan nan, duk lokacin da Umma ta ɗaga sandar, tafin Inna na ƙarƙashin gwiwar hannunta. Abu ne da ya zame musu jiki, har ba wadda ta lura da shi a cikinsu.

Umma ta fara karkata gefen da ba shi da ƙarfi. Inna ta miƙe zumbur, ta damƙe bayan kujerar gabanta da hannu biyu, amma ƙafarta ba ta motsa ba. Ta yi alkawari.

“Inna, je ki!” Dasom ta ce. “Don Allah je ki!”

“Ba zan ɓata miki aure ba.”

Dasom ta tattare rigarta za ta ruga, sai ta ga Dattijo Pyo ya tashi daga kujerarsa. Ya juyo ya miƙo hanyar ƙofa, fuskarsa ba annuri. Ta tsaya cak. Shi ke nan, tafiya zai yi, a gaban kowa!

“Abba...” Sihwan ya sha gabansa. “Abba, don Allah...”

“Matsa min, yaro.”

A layin ƙarshe ya tsaya.

“Malama Malsuk, je ki riƙe ta.”

“Dattijo, na yi maka alkawari.”

“Ni na ɗora miki, na sauke. Yi sauri mana, faɗuwa za ta yi!”

Kai, ashe Inna na da gudu! Ta watsar da jaka, takalmi ɗaya ya fita, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta haye matakalar, ta sa kafaɗa ta tare Umma, tafinta ya koma inda ya saba.

“Ragguwa kawai,” aka ji ta ce, don abin magana na kusa da su. “Ɗaga hannun!”

Ja ya kama. Zauren ya ɗauki tafi, har da masu share ido.

Dattijo yana nan tsaye a bakin ƙofa, gefen Dasom, bai yi tafi ba. Ba tare da ya kalle ta ba ya ce, “'Yata.”

Bai taɓa kiranta haka ba.

“Na'am, Abba.”

“Kar ki ɗauka na canza. Abin da na yi imani da shi yana nan inda yake. Zamansu ban yarda da shi ba, kuma ba zan daina yi musu addu'a ba.”

“Na sani, Abba.”

“Amma shekara talatin ina shiga ɗakin masu irin ciwon mahaifiyarki. Na ga waɗanda mazansu suka gudu, na ga waɗanda 'ya'yan cikinsu suka daina zuwa.” Ya ɗan yi gyaran murya. “Na san aikin da ake yi kafin mutum ya tashi daga gadon nan ya yi taku ashirin.”

Ya kama hanyar komawa. A tsakiyar zaure ya yi kiciɓis da Inna, ta zaunar da Umma tana dawowa tana ɗingisawa da takalmi ɗaya, kanta a ƙasa. Ya tsaya ya tare mata hanya. Ta kauce dama, bai ba ta hanya ba. Sai ya zare farar safarsa, yatsa bayan yatsa, ya miƙa mata da hannu biyu, ya nuna mata kujerar da ke gefen Umma.

Wasu mutum uku daga 'yan cocinsa suka tashi suka fice, ɗaya har da tsaki. Dattijo ya bi su da ido, ya san ranar Lahadi akwai magana. Ya je ya zauna a wurinsa, ya ɗora hannayensa tsirara a kan gwiwa. Maman Sihwan ta ɗora nata a kai.

Dasom ta ji wani nauyi da ta ɗauka wata da watanni ya sauka daga ƙirjinta. Ta jingina da Sihwan tana dariya tana kuka.

“Hodar mutane,” ya raɗa mata, shi ma idonsa taf da ƙwalla.

“Kai ma ka ga taka fuskar!”

Yadda suka shiga, da abin da fasto ya faɗa, Dasom ba za ta iya kawo ko kalma ɗaya ba. Abin da ta riƙe shi ne lokacin da aka ce ango da amarya su gaida iyayen amarya. Suka tsaya a gaban kujeru biyu, kuma duka biyun da mutum a kai. Umma na murmushinta na gefe guda. Inna Malsuk na zaune a ɗofane, ƙafa ɗaya ba takalmi, safar Dattijo ta yi mata yawa har yatsun suna lilo.

Dasom ta rusuna. Sihwan kuwa ya zube gwiwa biyu, ya kai goshinsa har ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

“Tashi mana, ɗan nan,” Inna ta ce. “Za ka ɓata wandon...”

Bai tashi ba. Sai ta sunkuya ta dafa kansa da farar safar, ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da take murza ƙulli.

Umma ta miƙo hannunta mai lafiya, ta tallafe mata gwiwar hannu.